Kimiyya A Ƙofar Gida: Ƙwayar Haihuwar Raƙumi Da Yauƙin Da Ya Gagari Masana

 Yau da ɗan lissafi za mu fara, kuma a Kasuwar Singa za mu yi shi, wato babbar kasuwar sarin kayan masarufin nan da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari a Kano. Duk wanda ya taɓa ratsa ta ya san yadda tireloli ke jeruwa ana sauke sukari da fulawa da shinkafa da katan-katan na madara da taliya, 'yan dako na ta kai da komo. Tirela guda takan ɗauko buhu 600 mai kilo 50, tan 30 ke nan. Lafiyayyen raƙumi kuwa, idan tafiyar mai nisa ce, abin da ake ɗora masa bai cika wuce kilo 150 zuwa 200 ba, wato buhu uku ko huɗu. To, ku raba 600 da 4. Sai an jera raƙumi 150 kafin a kwashe kayan tirela ɗaya tak.

Ba haka kawai muka jawo raƙumi cikin zancen Singa ba. Tun kafin a san mota, Fagge zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin Buzaye da sauran fatake ke durƙusar da raƙumansu, su sauke kantun gishirin Bilma da dabino, a shiga da su Kasuwar Kurmi, su kuma su juya da gero da baƙin yadi da kayan fata. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ayarin gishiri ya biyo daga Abzin a kan hanyarsa ta zuwa Kano, inda ya iso a 1851. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sannan motoci suka biyo baya, sai raƙumi ya rasa aikin dakonsa a birni.

Amma bai bar Fagge ba. Babbar mayankar Kano, wadda aka fi sani da Abbatuwa, a ƙaramar hukumar Fagge take, kuma ana yanka raƙuma a cikinta. Yawancinsu daga Nijar suke shigowa ta kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa. Namansu ya shiga tukunyar gidaje da dama, wasu sun san abin da suka saya, wasu kuwa sun ci suna zaton na sa ne. Tambayar da ya kamata mai tunani ya yi ita ce: wanda aka yanka yau, yaushe za a haifi mai maye gurbinsa?

A nan gizo ke saƙar. Jar akuyar Maraɗi cikin wata biyar take yi, kuma sau da yawa tagwaye take zubarwa. Saniya wata tara. Taguwa, wato macen raƙumi, cikinta kusan wata 13 ne, ɗa ɗaya take haifa, kuma da wuya ta yi haihuwar fari kafin ta kai shekara huɗu ko biyar. Daga haihuwa zuwa haihuwa kuma shekara biyu ce, wani lokaci ma fiye. Dabbar da ke yaɗuwa a hankali haka, kuskure ɗaya a wajen barbara ba ƙaramar asara ba ce.

Kafin mu ci gaba, mun san akwai waɗanda tuni suka fara sunkuyar da kai. Mun ga yadda aji kan yi tsit idan malamin bayoloji ya iso babin haihuwa, maza na ƙunshe dariya, mata na ja hijabi. Kunya abu ne mai kyau, amma kalmar maniyyi ba baƙuwarku ba ce, kun haɗu da ita a babin tsarki a Islamiyya, za kuma ku sake haɗuwa da ita a jarrabawar WAEC da NECO, a bayoloji da darasin aikin gona. Zancen dabba muke yi, kuma zancen abincin da za a ci gobe.

Mu ɗauki misali da makiyayi mai taguwa 30. Yawanci namiji ɗaya yake ware musu, ƙaton da ake kira amale. Idan wannan amale ƙwayoyin haihuwarsa ba su da ƙarfi, makiyayin ba zai gane a ranar ba. Sai lokacin barbara ya wuce, ya ga matan ba su ɗauka ba. Shekarar da ya kamata a samu 'ya'ya ta tafi a banza. Nono kuma sai an haihu ake samu, saboda haka abin da iyalinsa za su sha ya tafi, abin da zai kai kasuwa ya sayo gero shi ma ya tafi. Matsalar dabba ɗaya ta zama yunwar gida guda.

Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne amale gwanin nuna isa ne. Shi ba kamar bunsuru ba ne da kullum a shirye yake, yana da lokacinsa a shekara. A ƙasashen Larabawa da Indiya lokacin sanyi ne, wajen Nuwamba zuwa Maris, a yankunan da ke kusa da mu kuwa samuwar ciyawa ma tana da hannu a ciki. Idan lokacin ya zo sai ya canja hali. Ya rage cin abinci, ya rame, bakinsa na kumfa, yana cizon haƙora yana gurnani. Wani baƙin ruwa mai wari na tsattsafowa daga ƙeyarsa, yana watsa fitsari a gadon bayansa da wutsiya. Sannan ya riƙa fito da wata jar tsoka mai kama da balan-balan ta gefen baki. Mutane da yawa na zaton harshensa ne, alhali wani ɓangare ne na ganɗarsa yake hura wa iska. Gargaɗi a nan: duk wanda ya ga raƙumi a wannan hali kada ya matsa kusa don ɗaukar hoto. Yana cizo, kuma cizonsa na karya ƙashi.

Duk wannan hayaniya tana nuna cewa jikinsa ya motsa, amma ba ta nuna cewa ƙwayoyinsa na da rai da lafiya. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Man kuwa ido ba ya ganinsa, sai da maikiroskof, wato madubin nan mai ƙara girman ƙananan halittu da ke ɗakin gwaje-gwajen makarantarku, idan Allah ya sa kuna da shi.

Wanda ya fara bayyana wa duniya waɗannan ƙwayoyi ba likita ba ne. Wani ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen goge gilashin ƙara girma da hannunsa. A 1677 ya rubuta wa ƙungiyar masanan Landan wasiƙa a kan wasu 'yan halittu masu wutsiya da ya gani suna iyo a cikin maniyyi. Ku dubi 'yan Kantin Kwari da kyau, sana'arsu ɗaya da shi.

Ƙwayar maniyyi kashi uku ce. Akwai kai, inda aka ƙunshe gadon uba. Raƙumi na da kuromosom 74 a kowace ƙwayar jikinsa, mutum 46, saboda haka ƙwayar amale 37 take ɗauke da su, sauran 37 na cikin ƙwan taguwa. Akwai wuya, wanda ke cike da maitokondiriya, su ne injin da ke ƙona sukari ya ba da ƙarfi. Sai wutsiya mai kaɗawa. Duka tsawonta bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma tafiyar da ke gabanta a cikin mahaifa, idan aka auna da girmanta, tafiya ce irin ta ayari. Wadda ba ta iya iyo ba za ta isa ba, komai kyan gadon da ta ɗauko.

Shi ya sa likitan dabbobi idan zai auna ingancin namiji yake duba abubuwa da dama. Yana duba yawan ruwan da launinsa. Yana ƙirga ƙwayoyin da ke cikin mililita guda a kan wani gilashi mai zanen murabba'i. Yana ɗiga wani jan rini mai suna iyosin, wanda ke shiga jikin matacciyar ƙwaya ya rina ta, mai rai kuwa fatarta ba ta barin ya shiga, sai ta tsaya fara. Yana duba siffa, ko akwai masu kai biyu, ko karyayyar wutsiya, ko naɗaɗɗiya. Amma babban abin dubawa shi ne motsi, kuma motsin iri biyu ne. Akwai mai motsi a wuri ɗaya ko mai zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke, akwai kuma mai miƙewa gaba. Ta biyun ita ake nema. A bijimin sa mai kyau, wajen kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin sukan miƙe gaba, har idan ka duba ɗigon a madubi sai ka ga yana juyawa kamar guguwa. Dole kuma gilashin ya kasance da ɗumi irin na jiki, digiri 37, domin sanyin farat ɗaya na kashe musu gwiwa.

To, a kan raƙumi wannan gwaji mai sauƙi sai ya ƙi. Dalili shi ne yauƙi. Maniyyin sa ruwa-ruwa ne kamar madara. Na raƙumi kuwa, wanda yawansa bai cika wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, kauri ne da shi da danƙo kamar farin ƙwai ko miyar karkashi. Idan aka ɗaga shi da tsinken gilashi sai ya ja zare. Ƙwayoyin na maƙale a cikin wannan yauƙi, suna kaɗa wutsiya amma ba sa gaba, kamar wanda ya faɗa taɓo yana wutsil-wutsil. Wanda bai sani ba, idan ya leƙa madubi, sai ya yanke hukuncin cewa amalen ba shi da amfani, alhali lafiyarsa ƙalau. Sai an jira ya tsinke, yadda kunu ke tsinkewa idan ya kwana, kafin a ga gaskiyar motsinsu. Lokacin tsinkewar kuma ba ɗaya ba ne, na wani amale cikin rabin awa, na wani sai ya shafe sa'o'i. Kafin ya tsinke ba a iya ƙirga ƙwayoyin daidai, domin wani gefe cunkus, wani gefe fayau. Ba a iya gauraya shi da ruwan tsarma yadda ya kamata, domin ba ya haɗuwa.

Me ya sa aka halicce shi haka? Amsar na wajen taguwa. Saniya da akuya da tunkiya suna sakin ƙwai a kan lokacinsu, ko an yi barbara ko ba a yi ba. Taguwa ba haka take ba, ita sai an yi barbara sannan ƙwanta ke fitowa, bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Kyanwa da zomo ma haka suke. A 1985 wasu masana a ƙasar Sin, da ke aiki a kan raƙumi mai tozo biyu, suka gano cewa wani abu ne a cikin ruwan maniyyin kansa ke ba jikin macen umarnin sakin ƙwai. An daɗe ana neman ko mene ne, sai a 2012 masu bincike a Jami'ar Saskatchewan da ke Kanada, suna aiki a kan lama, ƙanwar raƙumi ta Kudancin Amurka, suka nuna cewa wani furotin ne da tuni aka san shi da wani aiki dabam, wato raya jijiyoyin laka. Yanzu ku haɗa biyun. Tunda ƙwai ba zai fito ba sai bayan kwana guda ko fiye, ƙwayoyin na bukatar wurin jira. Masana da dama na ganin yauƙin shi ne zangonsu: yana riƙe su, yana hana su ƙone ƙarfinsu da wuri, yana sakinsu kaɗan-kaɗan har ƙwai ya iso. Ga dabbar hamada da ba kullum take haɗuwa da namiji ba, wannan tsari ne mai hikima. Ga mai binciken da ke riƙe da gilashi kuwa ciwon kai ne.

Inda ciwon kan ya fi tsanani shi ne wajen barbarar hannu, wato ɗura wa mace maniyyin zaɓaɓɓen namiji ba tare da sun haɗu ba. A shanu wannan ya daɗe da zama ruwan dare. A 1949 Christopher Polge da abokan aikinsa a Ingila suka gano cewa gilisarol na kare ƙwayoyin maniyyi daga mutuwa idan aka daskarar da su. Yau ana ajiye na bijimi a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ya shekara da shekaru. Abin da bijimi ɗaya ya bayar sau ɗaya ana iya tsarma shi a cika siraran bututu ɗaruruwa, kowanne ya ishi saniya guda. A nan gida, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana wannan aiki a kan shanu.

A raƙumi kowane mataki sai da gumi. Karɓar maniyyin ma aiki ne, domin raƙuma a durƙushe suke barbara, ga amale da faɗa. In an samu, ga yauƙi. In an shawo kan yauƙi, taguwa ɗaya na bukatar ƙwayoyi masu motsi wajen miliyan 150, ninkin-ba-ninkin abin da saniya ke bukata, saboda haka abin da aka karɓa mata kaɗan zai isa. Sannan sai an duba ta da na'urar sikanin a ga ƙwan ya nuna, a yi mata allurar da za ta sa ta sake shi. Da sabon maniyyi ana samun wajen rabi su ɗauki ciki. Da daskararre kuwa sakamakon ya yi ƙasa ƙwarai, kuma har yau ana kan nema.

Ɗaya daga cikin dabarun da aka gwada za ta ba ku dariya, domin tana bayan gidanku. Tunda yauƙin daga wani furotin yake, sai aka nemi sinadarin da ke yanka furotin. Akwai shi a cikin farin ruwan da ke fita idan aka yanki ɗanyar gwanda, sunansa papayin. Shi ne dalilin da ya sa iyayenmu mata ke jefa ɗanyar gwanda a tukunya ko naɗe nama a ganyenta idan naman ya yi tauri. An gwada shi a kan maniyyin alfaka, wata 'yar uwar raƙumi, an kuma gwada a kan raƙumi mai tozo ɗaya irin namu, ya tsinka yauƙin. Sai dai wuƙar da ta yanka igiya za ta iya yanka hannu: fatar ƙwayar ita ma da furotin a jikinta, in aka zuba da yawa ko aka bar shi ya daɗe, sai ya lalata abin da ake son ceto. Dole a auna, a kuma tsayar da aikinsa a kan lokaci.

Masu kuɗin wannan bincike yawanci a yankin Gulf suke, inda raƙumin tsere ko na gasar kyau kan kai kuɗin da zai sayi tireloli. A Dubai akwai cibiya sukutum ta haihuwar raƙuma. A can aka haifi Rama a 1998, ɗan raƙumi da wata dabba dangin lama, ta hanyar barbarar hannu. A can kuma aka haifi Injaz a watan Afrilun 2009, taguwa ta farko da aka kwafo daga ƙwayar jikin wata taguwar. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2024 a matsayin shekarar raƙuma da danginsu. A ganinmu, kwafo raƙumin tsere abin burgewa ne, amma ba shi ne damuwar makiyayin Tawa ko Damagaram ko Maigatari ba. Shi abin da yake bukata gwaji ne mai araha da zai gaya masa, kafin lokacin barbara, ko amalen da ya dogara da shi zai yi aiki.

Wannan ne ya sa Abbatuwar Fagge ke da daraja a wajen masana. A jikin marainan kowane namiji akwai wani siririn bututu naɗaɗɗe inda ƙwayoyin ke kwanciya su nuna su koyi iyo. A nan ba su riga sun haɗu da ruwan yauƙi ba, domin shi daga wasu 'yan ƙullutai na dabam yake fitowa a gaba. Idan aka yanka amale aka ɗauki marainan da wuri aka sanyaya, ana iya tatso ƙwayoyin da ransu, a duba su sarai babu yauƙin da zai ɓoye motsinsu. Malamai da ɗaliban jami'o'inmu, irin su Ahmadu Bello da Bayero, sukan je mayankar Kano ɗibar irin waɗannan sassa, haka na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke yi a mayankar Sakkwato. Abin da mahauci zai jefa a kwando shi ne littafin karatunsu: suna auna girman maraina, suna ƙirga ƙwayoyi, suna kwatanta na damina da na hunturu da na bazara.

Kwatanta lokutan na da dalili. Maraina na bukatar sanyin da ya ɗara na cikin jiki kafin su ƙera ƙwaya mai kyau, shi ya sa suke a waje. Raƙumi kuwa idan babu ruwa yakan bar zafin jikinsa ya tashi daga wajen digiri 34 da asuba zuwa sama da 40 da yamma, don kada ya ɓata ruwa wajen gumi. Dabarar na ceton ransa, amma tsananin zafi da yunwar rani na rage yawan ƙwayoyi da ƙarfin iyonsu. Cuta ma haka. Akwai wani nau'in sammore da ƙudaje masu cizo ke yaɗawa a tsakanin raƙuma, yana ramar da amale ya lalata ƙwayoyinsa. Akwai bakkale, mai sa taguwa ɓari, wadda mutum ma ke ɗauka ta hanyar shan ɗanyen nono, don haka masu sayen nonon raƙumi su tafasa shi. Akwai kuma asarar da ba ta bukatar madubi kafin a gan ta, wato yanka taguwa mai ciki. Makiyaya sun daɗe da sanin alama: taguwar da ta ɗauka, bayan kamar mako biyu, idan amale ya matso sai ta ɗaga wutsiya sama ta lanƙwasa. Amma a kasuwa, inda dabba ta wuce hannu uku ko huɗu kafin ta iso wuƙa, ba kowa ke tsayawa dubawa ba.

Ga aikin gida na wannan mako, ba ya bukatar maikiroskof. Ku samu kofin gilashi biyu, ɗaya ku cika da ruwa, ɗaya da ruwan yauƙin kuɓewa mai kauri da aka tace. Ku jefa 'yar tsakuwa iri ɗaya a kowanne, ku ƙirga daƙiƙar da za ta yi kafin ta kai ƙasa. Abin da tsakuwar ta sha a kofi na biyu shi ƙwayar amale ke sha. Sannan ku yanki nama gida biyu, ku shafa wa ɗaya ruwan ɗanyar gwanda, ku ajiye su awa biyu a inuwa, ku latsa ku ji bambanci. Ku kiyaye idanunku, ruwan na da zafi, kuma ku nemi izinin masu ɗakin girki tukuna.

Tambayar da muke jiran amsarta: idan aka zuba ruwan gwandar a cikin yauƙin kuɓewa, zai tsinka shi kamar yadda yake tsinka na raƙumi? Ga ɗan haske, yauƙin kuɓewa mafi yawansa dangin sukari ne, ba furotin ba. Ku gwada, ku rubuto mana abin da kuka gani tare da sunan makarantarku da ajinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.